Mazan jiya na unguwanninmu: a fara karrama su ta takardunsu

Da wuya ka samu unguwa a Maraɗi, daga Bagalam zuwa Zariya, da ba ta da wani dattijo da ake kira Ajidan ko Sarjan har sunansa na yanka ya ɓace. Da shi ake sahun farko a masallaci, shi ake kira idan rigimar fili ta tashi. Amma tambayi maƙwabtansa inda ya yi aiki, sai a ce maka "soja ne dai". Alhali tun da aka kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961, 'ya'yanta sun je Saudiyya lokacin yaƙin Gulf, sun je Kodebuwa da Mali ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, sun tsaya a Difa da Tilaberi. Wasu a nan kusa suka yi nasu, suna fafatawa da 'yan bindiga a yankin Madarunfa da Gidan Rumji.

Ra'ayina shi ne, jawabin ranar biki da addu'ar ranar uku ba su isa ba. Babbar karramawar da maƙwabci zai yi wa tsohon soja ita ce ya taimaka masa ya gyara takardunsa tun yana da rai, domin a nan ne iyalai suke faɗawa cikin wahala.

Takardun da ake nema sanannu ne: littafin soja mai ɗauke da lambarsa, takardar da ta lissafa shekarun aikinsa da wuraren da ya zauna, takardar fansho, takardar aure, da ta haihuwar kowane yaro. A yi wa kowace fotokofi biyu, a kai ma'aikatar magajin gari a buga musu hatimi, a ɗauki hotonsu da waya. Na asalin a sa su cikin leda, a ajiye a akwatin ƙarfe da aka ɗora bisa bulo, don gara da danshin damina sun cinye haƙƙin mutane da yawa.

Abu biyu ne suka fi ɓata dosiye. Na farko rubutun suna. Mutum ɗaya ne, amma littafin soja ya ce Mahamadou, katin ɗan ƙasa ya ce Mamane, shekarar haihuwa kuma an ƙiyasta ta ne ranar ɗaukar aiki. Mai ofis ba zai biya kuɗi a kan sunaye biyu ba. Gyaran yana da sauƙi idan mai sunan zai iya zuwa da ƙafarsa. Bayan rasuwarsa kuwa sai an nemo shaidu. Na biyu aure. An ɗaura shi a ƙofar gida, liman da waliyyai sun shaida, amma ba a kai shi ga hukuma ba. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana aure, haihuwa ko rasuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta gaban alƙali. Gida mai mata biyu ko uku, kowace tana buƙatar tata takardar, in ba haka ba wata ta samu rabonta, wata ta tashi hannu banza da marayu.

Iyalan waɗanda suka yi wa Faransa soja su ma kada su yi sake. Faransa ta daskarar da fanshonsu da dokar 1959, ba ta kammala daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011, kuma bayanan aikinsu suna ajiye a ma'adanar sojan da ke garin Pau na Faransa. Lambar soja da shekarar shiga su ne mabuɗin nema.

Sai maganar tarihi. Sojoji 71 da suka kwanta dama a harin da aka kai sansanin Inates cikin Disamba 2019 da 89 na sansanin Shinagodar cikin Janairu 2020, ƙasa ta san adadinsu, amma unguwa ce ta san sunayensu da iyayensu. Kowane mai unguwa zai iya buɗe littafi guda: suna, muƙami, shekarar shiga da ta fita, wuraren aiki, da magajin da za a tuntuɓa. Masu rai kuma a zauna da su a naɗi muryarsu, rabin awa a zama ɗaya ya wadatar, a ambaci kwanan wata a farkon naɗin, a ba iyali kofi. Wanda ya yi shiru a kan wani fagen daga, kada a matsa masa. Akwai abin da ido ya gani wanda baki ba ya son maimaitawa, kuma idan tsohon soja ya daina barci ko yana firgita da ƙarar salansa, likita ya kamata a raka shi ya gani.