Ni da takalmin roba a taron iyaye

Kun dai san maganar tafiyar nan da za mu kai 'yan ajin ƙarshe Gandun Dajin Kuros Riba, su ga kurmi da idonsu maimakon zanen da nake musu a allo. Hajiya Shugaba ta amince, amma ta ce sai an tara iyaye na yi musu bayani.

Bayani kuwa na haddace shi tsaf: an kafa gandun a 1991, kashi biyu ne, Oban da Okwangwo, Oban ɗin ya jingina da dajin Korup na Kamaru, kuma ruwan da ke sauka a can a shekara yana kai milimita 3,000, wato ya ninka na Kano sau uku. Na kuma rubuta abin da kowane yaro zai riƙo: rigar ruwa, gidan sauro, tocila, doguwar safa da za a cusa ƙafar wando a ciki saboda kwarkwasa, sai takalmin roba. Don iyaye su gane da kyau, na ce bari in saka kayan a jikina. Takalmin a wajen 'yan gwanjo na samo. Mai shi ya rantse mini cewa roba tana buɗewa.

Ƙarshen Maris ne fa, ƙarfe biyu da rabi, ba wuta, fanka ko motsi. Na shigo cikin rigar ruwa ruwan ɗorawa har gwiwa, wando a cikin safa. Ina bayanin gorilar Kuros Riba da aka ce ba su kai 300 ba a duniya, gumi na gangarowa yana taruwa a takalmi. Duk takun da na yi sai ka ji cakal, cakal. Wani uba ya ɗaga hannu, na ɗauka tambayar kuɗin mota zai yi, sai ya ce, "Malam, a can ma haka za ku riƙa tafiya?"

Nan mutuminku Malamin Lissafi ya samu ƙofa. Bawan Allahn nan don kawai ya yi bautar ƙasa a Ikom, wani gari a Jihar Kuros Riba, ya zama sarkin kurmi. Kowa ya san a shagon wani ɗan garinsu mai sayar da albasa ya ƙare shekarar, ko bishiyar koko ban yarda ya taɓa ba. Ya miƙe ya ce wa iyaye mutanen can da silifa suke shiga daji. Ya ƙara da labarin matsattsaku, yana nuna tsawonsa da hannu kamar mai awon yadi, har wata uwa ta fara salati. Mutumin da har yau bai zuba adashin watan jiya ba, kuma cajata tana wajensa tun kafin hutu.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Kowa ya nufi buta. Na zauna a benci zan cire takalmi, na hagu ya fita da ƙyar, na dama ya ce bai san zance ba. Na ja, na murɗa, na taka diddigen da ɗaya ƙafar. Ƙafa ta kumbura, gumi ya riƙe roba gam.

Baba Maigadi ya ajiye butarsa. "Malam, kama bencin da kyau." Ya ja, benci ya biyo shi, da ni a kai. Aka kira yara biyu suka danne bencin, yaran da na kora daga aji shekaranjiya, suna ta cije leɓe. Wata Hajiya ta zaro basilin daga jaka ta ce, "Ɗana, shafa ta gefe." Wani dattijo kuma ya ce ai ba sai an wahala ba, in yi shafa a kai kamar huffi. Na kusa da shi ya ce sam, huffi sai na fata. Musu ya kaure a kaina, ƙafata na sama a hannun Baba. Sai wani ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, "Tukuna, da alwala ka saka?" Na ce a'a. Ya ce, "To, a ci gaba da ja."

Da ya tashi fita, fat ɗaya ya yi. Baba ya zauna a ƙasa, takalmi ya tashi sama, ruwan cikinsa ya sauka a farar babbar rigar Alhaji shugaban ƙungiyar iyaye. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce, "Wannan ne milimitan?" Ni ban ma lura safar ta tafi tare da takalmin ba, sai da na ga yaran suna kallon yatsuna da suka yi fari fat suka yamutse.

Malamin Lissafi ya ce bai ɗauki bidiyo ba. Amma matata ta gani kafin in iso gida.

Tafiya dai tana nan, direba ya ƙara kuɗi, an ɗage sai bayan jarrabawa. Jiya Hajiya Shugaba ta ce tunda Malamin Lissafi ya san wajen, shi zai jagoranci yara, ni kuma in riƙe akwatin magani.