An ce aiki ya yi kyau, to wa ke tsaye a kanta da dare?

Shekara shida ke nan ina aikin nas a ɗakin farfaɗowa na wani asibiti a arewacin Ingila. Nan ake kawo mutum idan an fito da shi daga tiyata, allurar barci ba ta gama sakinsa ba. Dokar ɗakin ita ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya, har sai ya buɗe ido ya iya riƙe numfashinsa da kansa. Bayan kowane 'yan mintoci ina duba bugun zuciyarsa da awon jininsa da yawan oksijin da ke yawo a jikinsa, in rubuta. Lamba na sauka zan danna ƙararrawa, kafin in juya likitan allurar barci ya iso.

Bara aka yi wa ƙanwata tiyatar haihuwa a gida Najeriya, a wani asibitin gwamnati. Ƙaninmu ya kira ni da murna: "Yaya, an gama, an samu mace, likita ya ce aiki ya yi kyau." Na ce alhamdu lillahi, wa ke tare da ita? Ya ce Gwaggo. Na ce to ma'aikata fa? Ya ce nas ɗaya ce a ɗakin, gado kuwa ya kusa talatin. Wajen ƙarfe biyun dare Gwaggo ta kama hannun ƙanwata ta ji shi kamar ruwan randa, ta ɗaga zani ta ga jini ya jiƙe katifa. Ita ta fita da gudu tana kiran a taimaka. Aka mayar da ita tiyata, 'yan'uwa suka ba da jini leda uku, Allah ya sa tana da sauran shan ruwa. Ban taɓa ganin laifin nas ɗin nan ba. Ko ni aka ba gado talatin ni kaɗai, ba awo, ba mai taya ni, abin da zai faru ke nan.

Ba ƙanwata kaɗai ba ce. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani bincike da likitocin Afirka suka yi da kansu ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Kef Tawun, a ƙasashe 25 har da Najeriya, kan majinyata fiye da 11,000. Majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, ciwonsu bai kai nasu tsanani ba, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyatar da aka tsara ya ninka na duniya sau biyu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba ranar tiyatar suka rasu ba, sai bayanta, a kan gadon jinya, lokacin da kowa ya ɗauka an wuce wurin. Ɓangaren binciken da ya shafi masu haihuwa ya nuna mace a Afirka ta fi ta ƙasashe masu arziki haɗarin mutuwa bayan tiyatar haihuwa kusan sau 50.

Da wannan nake auna duk wani haɗin gwiwa da ake cewa an ƙulla tsakanin asibitocin Turai da namu. Irin wanda na gaji da shi kowa ya san shi: a loda kwantena da injinan da aka daina amfani da su a nan, a kai, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Injin sa barcin da nake aiki da shi yana bukatar wutar da ba ta ƙiftawa, da oksijin da ke fitowa daga bututun bango, da injiniyan da ke duba shi a kan kari. Ka kai shi inda ake ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, inda dangi ke fita neman tulun oksijin, wata shida ya yi yawa ya koma lungu an lulluɓe shi da zanin gado. Dokta Paul Fenton ya gane haka a Malawi, shi ya sa ya ƙera injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, idan wuta ta tafi kuma a ci gaba da aiki da shi. Mutumin da ya zauna a wurin ne kawai zai yi wannan tunani.

Akwai waɗanda suka burge ni ƙwarai. Lifebox, ƙungiyar agaji da aka kafa a 2011, ƙaramar na'ura take rarrabawa, mai ruwan ɗorawa, wadda ake maƙala wa yatsa ta nuna oksijin da bugun zuciya, tana aiki da batir, kuma ba sa miƙa ta sai da horo. A Ruwanda, bayan kisan ƙare dangi na 1994 likitan allurar barci ɗaya tak ya rage a ƙasar. Daga 2006 likitocin Kanada da Amurka suka riƙa zuwa bi da bi suna koyarwa a jami'ar ƙasar, shekara bayan shekara, har ɗaliban jiya suka zama malaman yau. Zambiya ma ta bi wannan hanya da likitocin Birtaniya a Lusaka. A Tanzaniya kuwa, asibitin Muhimbili da abokan aikinsu na Karolinska a Suwidin sun taimaka wajen yaɗa wani tunani mai sauƙi: kafin a yi maganar injin numfashi mai tsada, a tabbatar kowane ɗakin jinya yana iya gane wanda jikinsa ya rikice, a ba shi oksijin, a ƙara masa ruwa, a gyara masa kwanciya don hanyar numfashi ta buɗe. Da an yi wannan a ɗakin da ƙanwata ta kwana, da tun sha biyun dare an gano jinin.

Sai maganar da ke min nauyi. Ƙungiyar likitocin allurar barci ta duniya ta ce aƙalla a samu biyar ga kowane mutum 100,000, ƙasashenmu da yawa ko ɗaya ba su kai ba. Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a je ana zawarcin ma'aikatan lafiyarsu, amma ƙofa a buɗe take ga wanda ya nemi aiki da kansa, ta nan ni ma na shigo. A ɗakinmu kaɗai mu huɗu ne daga Najeriya. Ƙasar da ta koyar da mu ba ta ci moriyarmu ba, kuma ba zan ce wa wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ya zauna ba.

Abin da nake roƙo a wurin masu ƙulla yarjejeniyar nan shi ne su sa mu a ciki. Asibitin da ya ɗauki nas daga Kano ko Zariya ya ba ta mako huɗu a shekara, da albashinta, ta koma asibiti guda, ba sabo kowace shekara ba, ta yi kwanan dare tare da nas ɗin wurin, su tsara takardar awo tare, su koya wa masu jinya alamomin da za su sa su ta da ma'aikaci. Na rubuta wa shugabar sashenmu wannan bukata a watan jiya, na sa sunan garinmu da yawan gadajen ɗakin masu jego. Ta ce za ta kai maganar gaba. Gwaggo kuwa na aika mata na'urar yatsa guda, na koya mata ta waya cewa idan lambar sama, wato ta oksijin, ta sauka ƙasa da 90 ta kira nas. Yanzu duk wadda za a yi wa tiyata a dangi, ita ake ɗauka jinya.