Kanarina uku, akun mahaifina da kayan lambun kasuwar Garwa

A cikin mako guda na watan Afrilun nan na binne kanari uku a gindin darbejiyar gidanmu da ke unguwar Yelwa, a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma har yanzu da nake wannan rubutu raina bai huce ba. Da zafin gari ne ya kashe su, da na dangana, domin rana tana wuce digiri 40 a wannan lokaci kowace shekara kuma babu wanda zan kai ƙara. Abin da ke ci mini rai shi ne, ganyen da na saya da kuɗina, na wanke da hannuna, na rataya musu a keji da niyyar kyautata musu, shi ya zama ajalinsu.

Asalin maganar daga aku ta faro. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shi ya zo da shi daga kudu a zamanin da yake fataucin goro, tun kafin taron ƙasashen duniya na 2016 da ya hana cinikin irin wannan aku mai launin toka da jan wutsiya tsakanin ƙasashe. Tsuntsun ya girme wa ɗana na fari, kuma har gobe da muryar marigayi yake yin sallama, ta yadda mahaifiyarmu takan yi shiru na ɗan lokaci idan ta ji. Bara ya fara fige gashin ƙirjinsa, hancinsa ya toshe, yana atishawa kamar mai mura. Da ƙyar na samu likitan dabbobi da ya yarda ya duba shi, saboda yawancin likitocinmu shanu da tumaki suka sani. Ya tambaye ni abin da muke ba shi, na ce gyaɗa da gero da masara, kamar yadda kowa yake yi. Sai ya girgiza kai ya ce shekara da shekaru muna cika masa ciki da mai, alhali sinadarin bitamin A da ke kare hanci da maƙogwaro da idanu babu shi a cikin wannan abinci. Ya tuna mini cewa a dajin da aka kamo shi, 'ya'yan itatuwa da jan kwakwar manja yake ci. Ya rubuta mini karas, gwanda, mangwaro, kabewa, jan tattasai da ganyen zogale, ya ce a riƙa daka masa ɓawon dafaffen ƙwai saboda wannan jinsi yana yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙashi. Ya kuma ja mini kunne a kan fiya, wadda ake kawowa daga Mbouda da sauran garuruwan yammacin Kamaru, cewa guba ce ga tsuntsu, haka albasa da tafarnuwa da gishiri da cakulan da ƙwayar tuffa, da kuma gyaɗar da ta yi funfuna.

Na karɓi shawarar da hannu biyu, ban san cewa wahalar tana kasuwa ba.

A farkon Maris, lokacin da mangwaron gidajenmu yake ɗanye shar a kan bishiya, tebura sun riga sun cika da mangwaro rawaya mai ɗaukar ido. Na tsaya wurin wani mai tebur da na daɗe ina ciniki da shi, na ce: "Malam, don girman Allah, wannan nunan bishiya ne? Ba ni zan sha ba, tsuntsu zan ba." Ya dafa ƙirji ya ce: "Haba Alhaji, jiya jiya aka tsinko shi." Da na isa gida na yanka, bayan ya yi taushi amma cikin fari ne, ga tsami kamar tsamiya. Washegari na koma, na sunkuya ƙarƙashin teburin kamar mai gyara takalmi, sai ga kwali an lulluɓe da buhu, a kusurwarsa an ƙunshe wani farin dutse mai toka-toka a tsohuwar takarda, yana wari irin na tafarnuwa. Kabayid ne, wanda masu walda suke jiƙawa su samu iskar hura wuta. Da shi ake tilasta wa mangwaro da ayaba su canza launi cikin kwana biyu, kuma wanda ake sayarwa masu walda ba tsarkakakke ba ne, yakan zo da burbushin guba irin su asenik. Mutumin da ya rantse mini ya san wannan kwali yana tsakanin ƙafafunsa lokacin da yake rantsuwar.

Na bar mangwaro na koma ganye, ina ganin na tsira, ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Latas ɗin da na saya daga lambunan bakin Binuwai yana da kyau ƙwarai, babu huda ko ɗaya a jikinsa, kuma da ina da wayo da wannan kyan ne ya fara ba ni tsoro, domin ganyen da tsutsa ta ƙi taɓawa akwai dalili. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa maganin feshin da aka tanada domin auduga yana ƙarewa a kan tumatir da latas da kabeji. Kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da ya kamata a jira tsakanin feshi da girbi, amma wanda ya yi feshi da yamma ya yanko da asuba bai karanta ba, ko ya karanta bai damu ba. Na wanke ganyen sau biyu na maƙala a keji da hantsi. Kafin la'asar na tarar da na farko a ƙasan keji, gashinsa a tashe, kansa yana karkarwa, ƙafafunsa sun dunƙule kamar yana riƙe da reshen da babu shi. 'Yata ƙarama ta ɗauke shi a tafin hannu tana hura masa iska. Sauran biyun suka bi shi cikin kwanaki. Akun ya tsira ne kawai saboda taurin kansa, domin ya jefar da nasa rabon ƙasa kamar yadda yake yi wa duk abin da bai saba da shi ba.

Ko an dace da kaya mai kyau, ajiye shi wani yaƙi ne. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama tun 1982, kuma da ruwa ya ja baya a bazara sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Gwandar da ta sha hanya daga Ngaundare a bayan babbar mota ta iso rabi a dameje, in sa ta a firij, a ɗauke wuta tun safe har dare, in buɗe in tarar ta yi ruwa tana tsami. Tsuntsu kuwa ba a ba shi abin da ya fara lalacewa, ko wanda aka sa masa sabo sai an kwashe bayan 'yan sa'o'i a irin wannan zafi. Takardar kuɗin wuta ita kaɗai ce ba ta taɓa makara ba.

Na san abin da wasu za su ce, domin maƙwabcina ya riga ya faɗa mini a fuska: mutane suna neman na tuwo, kai kana makokin tsuntsu. Na amsa masa cewa ragowar latas ɗin nan a gidana aka ci shi da dare, kuma daga lambun da matarsa take saye ya fito. Kanari bai kai nauyin ƙwan kaza ba, shi ya sa abin da zai ɗauki shekaru yana taruwa a hantar yaro ya kayar da shi a yini ɗaya. A Ingila, har zuwa 1986 masu haƙar kwal suna shiga rami da kanari a keji, idan ya faɗi su san iska ta ɓaci su gudu. Su sun ɗauki faɗuwarsa gargaɗi, mu kuwa abin dariya muka mai da ita.

Ina tambayar masu zagaya kasuwa kowace safiya da rasit a hannu suna karɓar kuɗin tebur: idon da yake ganin wanda bai biya ba, me ya hana shi ganin kwalin kabayid da ke ƙarƙashin teburin? Wa ke duba shagunan da ake ɗura maganin feshi a gorar ruwa, babu suna babu umarni, a miƙa wa wanda bai iya karatu ba?

Yanzu na yanka tsofaffin jarkoki shida na shuka karas da alayyafo a bayan ɗaki, ina ban ruwa da ragowar ruwan alwala, zogale kuma daga bishiyar gidan ƙanwata nake tsinkowa. Ranar Lahadi nakan hau babur zuwa kasuwar Pitowa, wurin wata tsohuwa da ke kawo gwanda daga bayan gidanta, mai tabo-tabo, wadda tsuntsayen daji suka riga suka ɗanɗana. Gashin ƙirjin akun ya fara tsirowa. Kejin kanarin yana nan rataye a baranda babu kowa a ciki, kuma akun, da yake ya kwashe shekara huɗu yana sauraronsu, kowace asuba sai ya yi kukansu.