Wannan ba tuba ba ce, gyaran suna ne

Ku yi haƙuri 'yan'uwa, amma abin da aka yi a majami'armu ranar Lahadi ba furta zunubi ba ne. Gyaran suna ne, kuma duk wanda ya zauna a wurin ya sani, har da waɗanda suka fi kowa ɗaga murya da "Amin".

Wani dattijon ikilisiya ya riƙe kuɗin gini, kuɗin da Zumuntar Mata suka tara da suyar ƙosai da sayar da kunu, da na buhunan masarar da manoma suka kawo ranar godiyar kaka. Kwamiti ya buɗe littafi, babu kuɗi. Sai ya fito gaba cikin babbar riga, ya ce shi ɗan Adam ne ajizi, Shaiɗan ne ke son raba kanmu, duk wanda aka ɓata wa rai ya yafe. Ya goge ido da hankici, 'yan kwaya suka tada waƙa, aka tashi. Bai ce na ɗauka ba. Bai ce ga nawa ba ne. Bai ce ga ranar da zan mayar ba.

Irin wannan tuban muna da shi a rubuce tun da daɗewa. Ku buɗe 1 Sama'ila 15. An umarci Saul ya hallaka duk abin da ke na Amalekawa, sai ya ajiye sarkinsu Agag da zaɓaɓɓun tumaki da shanu. Sama'ila ya iso yana jin kukan tumakin da kunnensa, Saul yana ce masa ya cika umarnin Ubangiji. Da aka matsa, ya ce jama'a ne suka ajiye su don hadaya. Da aka ƙara matsawa ya ce ya yi zunubi, amma a aya ta 30 ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan jama'a. Damuwarsa ke nan, kada mutuncinsa ya zube. Sarautar kuwa an riga an ƙwace ta.

Laifin Dawuda ya fi na Saul muni a idon mutum. Ya ɗauki Batsheba matar Uriya, ya sa aka tura mijin inda yaƙi ya fi zafi don a kashe shi. Amma da annabi Natan ya nuna shi ya ce shi ne mai laifin, Dawuda bai kawo sunan Yowab shugaban sojojinsa ba, bai ce matar ce ta yi wanka a fili ba. Ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, ya tsaya a nan. Zabura 51 daga wannan wuri ta fito, kuma a cikinta ya ambaci alhakin jini da bakinsa. A Zabura 32 ya faɗi yadda jikinsa ya lalace lokacin da ya yi shiru. Mu da muke rera waɗannan zabura kowace Lahadi, ta yaya muka kasa bambanta Saul da Dawuda?

Na san abin da za a rubuto mini. "Tsakaninsa da Allah ne." To, da tsakaninsa da Allah ne kaɗai, me ya kai shi gaban jama'a? Hananiya da Safiratu gonarsu ce suka sayar, ba wanda ya tilasta musu su kawo ko sisi. Abin da ya kashe su shi ne sun ɓoye wani kashi na kuɗin suka kawo saura kamar duka ke nan, don a gan su a matsayin da ba nasu ba, Bitrus ya ce ba mutane suka yi wa ƙarya ba, Allah suka yi wa. "Kada ka hukunta." Ni ban ce a kore shi ba, cewa na yi ya faɗi abin da ya yi. "A rufa asirin ikilisiya." Wane asiri ya saura, bayan har masu babur a bakin kasuwa sun san zancen? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muna yawan tinƙaho cewa mu ba ma bukatar zuwa wurin Fada, kai tsaye muke zuwa gaban Allah ta wurin Yesu. Na gaskata haka da zuciya ɗaya. Amma ɗan Katolika, tun Majalisar Lateran ta 1215, wato babban taron shugabannin cocinsu, wajibi ne a kansa ya je ya faɗi zunubinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kira shi da sunansa, kuma koyarwarsu ta ce abin sata sai an mayar. Mu kuwa mun ɗauki 'yancinmu mun mai da shi wurin ɓuya. Zakka mai karɓar haraji a Yariko bai tsaya kuka ba, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai biya shi ninki huɗu. Bayan haka ne Yesu ya ce ceto ya zo gidan.

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar da ta yi ciki bara tana nan a bencin baya ƙarƙashin horo, ba ta cin Jibin Ubangiji. An karanta sunanta da laifinta a gaban kowa, ta sunkuyar da kai, ba ta ce Shaiɗan ba ne. Ita talaka ce, laifinta kuma ba ya ɓoyuwa. Shi kuwa yana kujerar dattawa.

Baba, in wannan rubutu ya iso gare ka, ba ƙinka nake yi ba. Allah ya ga kuɗin tun ranar da suka bar akwati, ba abin da za ka ba shi labari. Alkawarin 1 Yohanna 1:9 naka ne kamar yadda yake nawa: in mun furta, zai gafarta, ya tsarkake mu. Ka je wurin fasto da kwamiti ka faɗi adadin, a tsara yadda za ka biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Ka sauke wannan kaya, ka samu barci.

Ku kuma matasan da kuka ɗaga waya kuna ɗaukar bidiyo a tsakiyar sujada, har ya zagaya WhatsApp kafin a gama sanarwa, wa ya koya muku haka? Wata uwa ta ce mini ta daina fitowa neman addu'a a gaba saboda tsoron kada ta ga fuskarta a wayar surukarta. Shugabannin matasa, wannan aikinku ne, ku zauna da su kafin Lahadi mai zuwa.