Daina cewa "ni ba ni da baki"

Jama'a, akwai maganar da na gaji da ji, wai "ni Allah bai ba ni baki ba". Ni ma na daɗe ina fakewa da ita, har na shiga wata ƙungiyar koyon jawabi da ke zama mako-mako.

Ranar da na fara tsayawa, an ce in gabatar da kaina cikin minti 5. Takardar hannuna sai karkarwa take, maƙogwaro ya bushe, jimla ta biyu ta ɓace mini ɓat. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya karɓe mini maganar. Suka zuba mini ido cikin natsuwa har na kamo zaren. Da aka tashi sharhi, matar da ke ƙirga kalmomin cike gurbi ta ce na faɗi "wato" sau 19. Wallahi ban taɓa sanin ina yi ba, kuma duk tsawon rayuwata babu wanda ya taɓa gaya mini.

Tsarin da muke bi ya samo asali ne daga Toastmasters, ƙungiyar da Ralph Smedley ya kafa a 1924 a Santa Ana ta jihar Kalifoniya a Amurka. Kowa da aikinsa. Mai lura da lokaci yakan ɗaga koren kati a minti 5, rawaya a minti 6, ja a minti 7, ka tattara ka sauka. Akwai kuma tambayar ba-zata, a jefo maka batu ka yi magana a kai minti 1 zuwa 2 ba tare da shiri ba.

Amma a ganina zuciyar abin ita ce sharhi. Mutum ya saurare ka tsaf, ya faɗi inda ka yi kyau, sannan ya nuna maka abu ɗaya ko biyu da za ka gyara, a gaban kowa, ba zolaya ba cin fuska. Mako mai zuwa kuma kai ne za ka yi wa wani. A nan na gane ashe ban iya sauraro ba, jira kawai nake a yi shiru in faɗi tawa.

Na san masu cewa irin wannan zama masu zaƙin baki yake haifarwa. Suna da ɗan gaskiya, na ga wanda ya ƙware a motsa hannu da ɗaga murya, maganar kuwa fanko. Sai dai abin da ya fi damuna daban ne. Sau nawa ake zaman yanke shawara, wanda ya san matsalar ciki da waje ya yi gum, mai ƙarfin murya ya tafi da taron? Bayan an watse sai ka ji shi a gefe yana faɗin abin da da ya faɗa a ciki da an tsira daga asara. Wannan shirun yana ci mini rai.

Makon jiya wani saurayi mai in'ina ya yi jawabinsa na farko, ni aka ba sharhinsa. Ya tsaya cak har sau uku, bai zauna ba sai da ya kai ƙarshe. Na ce masa labarin mahaifiyarsa da ya buɗe da shi ya kama mu duka, gaba ya riƙa ɗago kai yana kallonmu. Kafin a tashi ya je ya rubuta sunansa a jerin masu jawabin wata mai zuwa.