Gaban shago da bayan shago a kasuwancin intanet

Duk wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari a Kano ya san cewa shago kashi biyu ne. Akwai gaba, inda ake baje atamfa da shadda ana tarbar mai saye da fara'a, akwai kuma sito, inda diloli suke jibge tare da littafin da maigida yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Da ciniki ya koma cikin waya wannan rabon bai canza ba, sai dai da yawa daga cikin masu sayar da kaya sun rungumi gaban sun yi watsi da bayan, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Gaban a yau shi ne hoton da ake ɗorawa a WhatsApp da Instagram, da saurin amsa saƙo, da daɗin baki. A nan kam ba a bar mu a baya ba. Amma kwanakin baya na sayi turmi uku na atamfa a wurin wata baiwar Allah, na tura kuɗi ta tabbatar mini sun shiga, sai bayan kwana biyu take sanar da ni cewa launi ɗaya ya ƙare tun makon jiya, alhali hotonsa yana nan a shafinta. Sauran biyun ta kai tasha a cikin leda ɗaya, ba ta karɓi lambar direban ba, na yini ina zarya tsakanin motoci kafin na same su, ledar ta yage, gefen turmi guda ya sha ƙura. Ban ɗauke ta macuciya ba, domin na lura ita kaɗai ce mai ɗaukar hoto, mai ciniki, mai ɗaure kaya, mai lissafi, kuma babu inda take rubuta abin da ya rage a hannunta.

Hatta Jumia, babbar kasuwar intanet wadda aka kafa a Legas a 2012, sai da ta tanadi manyan rumbunan ajiya da tsarin kai kaya nata na kanta, ta kuma amince mutum ya biya bayan kaya sun iso hannunsa, saboda a lokacin jama'a ba su saba biyan kuɗin abin da ba su gani ba. Ƙaramin ɗan kasuwa ba ya buƙatar rumbu irin nasu. Abin da nake roƙonsa shi ne ya riƙe littafi guda na kayan da suka rage, ya sauke hoton duk abin da ya ƙare a ranar da ya ƙare, ya ɗaure kaya a kwali, ya turo lambar direba da ta mota, sannan ya faɗi tun kafin a biya ko yana karɓar kayan da aka mayar, da kuma wanda zai ɗauki kuɗin motar komawarsu.