Ƙarancin maniyyin zakara ba alamar rauni ba ne

Wasu masu kiwon kaji a Mai Wurno da kewayen Sinnar suna cewa zafin Sudan ne ke ƙone ruwan zakara, shi ya sa maniyyinsa yake fitowa kaɗan, ga kauri. Maganar tana da dalili, domin tsananin zafi yana rage haihuwar kaji. Amma ana yanka zakaru lafiyayyu a kan haka, abin da ke damuna ke nan.

Haka halittarsu take. 'Ya'yan marainan zakara a cikin ciki suke, kusa da ƙoda. Maniyyi kan baro su da ruwa mai yawa, sai siraran bututun da yake bi su tsotse mafi yawan ruwan, su mayar da shi jiki. Wasu sinadaran furotin da ake kira akwaforin, masu buɗe wa ruwa ƙofa a bangon ƙwayar halitta, suna taimakawa wajen wannan aiki. Gano su ne ya ba wani masanin kimiyya mai suna Peter Agre kyautar Nobel a 2003.

Misali, zakara kan fitar da kimanin rabin mililita, amma ƙwayoyin maniyyin da ke ciki sukan wuce biliyan ɗaya. Ingancinsa a ƙwan da aka ƙyanƙyashe ake gane shi.